Kilo 88 nake, sai na rage ƙiba kafin in ɗauki ciki?

Maman Hanif, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka mini. Nauyina kilo 88, tsawona mita 1.62, kuma ina son ƙarin haihuwa. Wasu sun ce in rage jiki tukuna, wasu sun ce ai cikin ne zai cinye kitsen. Wanne zan kama?

Likitan Mata:
Wa alaikumus salam, Maman Hanif. Ciki ba ya cinye kitse, ki ajiye wannan maganar. Ga lissafin da muke yi, wanda ake kira BMI: a ninka tsawo da kansa, sannan a raba nauyi da abin da ya fito. Naki ya ba da 33.5. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da ke buƙatar kulawa.

Ciki da kansa yana sa jiki ya rage jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sugan jini. Idan ya tarar da kitse ya riga ya fara wannan aikin, sai suga ya hau. Sugan uwa yana ratsa mabiyiya, jariri ya yi ta girma har ya haura kilo 4, a wajen naƙuda kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko a ƙare da tiyata. Ga hawan jinin masu ciki, wanda idan aka yi sake yake kaiwa ga jijjiga. Ɓari ma ya fi yawa, ɗinkin tiyata kuma ya fi jinkirin warkewa.

Amma kada hankalinki ya tashi. Ba sai kin koma siririya ba. Ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kika sauke, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara, za a ga bambanci, har al'ada takan daidaita ga wadda tata ke wasa.

Sista Ungozoma, Tudun Wada:
Abin da Dakta ya faɗa haka yake. Ƙarina shi ne folik asid, ƙwayar bitamin da ke taimaka wa ƙashin bayan jariri ya rufe daidai. Ƙashin bayan jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar da cikin ba. Saboda haka tun kafin ɗauka ake farawa. Yawancin mata maikrogiram 400 suke sha kullum, amma mai BMI 30 zuwa sama likitoci da dama sukan rubuta mata miligiram 5, wato fiye da ninki goma na wancan. Ki je a auna jininki da suganki yanzu, kuma ki ce a ɗaura miki babban maɗaurin hannu na awon jini, don ƙarami a dantse mai kauri yana nuna hawan jinin da babu shi.

Ramammu ma su saurara. Wadda ke ƙasa da 18.5 ta fi fuskantar bakwaini da jariri ƙasa da kilo biyu da rabi. Kuma wallahi "sha ka fashe" ba magani ba ne. Irin wanda ake haɗawa da dexamethasone kumbura jiki yake yi, ya tayar da suga da jini.

Malama Mai Ilimin Abinci:
'Yar'uwa, fara da abin sha: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu suga, shayi mai kauri. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, rabin faranti ya zama zogale, rama ko alayyahu, a haɗa da wake, ƙwai ko kifi. Mai a auna da cokali, kada a tuttula. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako. Rabin kilo a mako ya wadatar. Shayin rage tumbi kuwa, yawancinsa gudawa kawai yake sawa, ruwa ne ke fita.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai. To idan cikin ya shiga kafin in rage fa?

Likitan Mata:
Sai ki daina neman ramewa daga ranar, kada ki yi wa kanki horon yunwa. Ki fara awo da wuri. Mai BMI irin naki ana son ta ƙara kilo 5 zuwa 9 ne a duk tsawon cikin. A yi miki gwajin suga na shan gulukos giram 75 tsakanin mako 24 da 28. Jini ya kai 140/90, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, asibiti a ranar. Haihuwa kuma a inda ake da ɗakin tiyata da jini a ajiye, irin su asibitin Barau Dikko da ke Kaduna.