Agogon wa zan bi, namu ko na Landan?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka mini. Daga nan Kaduna nake ɗaukar darasi ta intanet wurin wata malama a Landan. Tun watan Yuni, ƙarfe 4 ɗinsu shi ne 4 ɗinmu, lafiya lau. Da Oktoba ta ƙare sai na shiga ƙarfe 4, na yi ta zama shiru, datata na ta zuba. Ashe sun mayar da agogonsu baya da awa 1, mu kuwa ba ma taɓa namu. Yanzu imel ya ce 4, Google Calendar ya ce 5. Wanne zan bi? A ina ake saita shafin darasin ya riƙa nuna lokacin Najeriya? Darasi na gaba jibi Laraba ne.