Musayar Waƙa: Hanyar Kwarin Dara'a, Daga Warzazat Zuwa Mahamid

Ɗan Fatake:
Assalamu alaikum ma'abota alƙalami. Na dawo daga kudancin Maroko, na bi kwarin kogin Dara'a da mota. Ga buɗi, amsa-amonmu "ya".

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami,
In ba ku labarin wata doguwar hanya.
Daga Warzazat na tayar da mota,
Na hau titin N9 da sanyin safiya.
Dutsen Tinififit baƙi ƙirin, ba ciyawa,
Kwalta na nannaɗe shi kamar macijiya.
Ina gangarowa Agdiz ido ya wartsake,
Dabino kore shar, kogi a tsakiya.
Dutsen Kisan na tsaye a bayan gari,
Kamar dogari a ƙofar sarauniya.
A Tamnugalt na shiga lungunan jar ƙasa,
Soro kan soro, sanyi kamar bakin rijiya.

Autan Mawaƙa:
Yaya, barka da sauka, mun sha labari,
Amma ni ginin ƙasa bai ja min zuciya.
Kilomita kusan 160 ne daga Warzazat zuwa Zagora,
In taka mota, ba waiwaye baya.
Tudun yashin Shigaga nake ɗoki,
In hau raƙumi, rana na faɗuwa jajaya.

Gwaggo Mai Tawada:
Auta, ɗana, sassauta ƙafarka,
Mai gaggawa shi ke taka ƙaya.
Yashi na nan, ba inda za shi,
Tsaya Tamgarut ka gai da zawiya.
Shehu Muhammadu ɗan Nasir ya raya ta,
A ƙarni na 17, gidan Nasiriyya.
Littattafan hannu dubbai a ɗaki,
Tun zamanin da takarda ke da wuya.
Alƙur'ani, fiƙihu, ilimin taurari,
Har da na magani suna cikin ajiya.
Wani a fatar barewa aka rubuta,
Tawadarsa raɗau kamar ta jiya.
Na tsaya gabansu hawaye ya zubo min,
Don waɗanda suka kwafa ba gajiya.
Ka fito waje ka ga maginan tukwane,
Koren kaskonsu ya zaga duniya.

Malam Na-Zaure:
Gwaggo, Allah ya ƙara basira. Ku ba ni wuri in sa baki.

A Zagora akwai allo a bakin titi,
"Tumbuktu kwana 52", ba ƙarya.
Kwanakin raƙumi ne, ba na mota ba,
Ayari kan ayari ɗauke da kaya.
Gishiri ya yi kudu, tufafi da littafi,
Arewa ta karɓi ƙurar zinariya.
Kada mu ɓoye, bayi ma sun bi ta nan,
A ɗaure, ba mai jin su da murya.
Sarakunan Sa'adi na Maroko a kwarin nan suka tsiro,
Har Ahmadul Mansur ya yi shirin mamaya.
A 1590 ya turo kwamandansa Judar da bindigogi,
Suka ratsa Dara'a, hamada suka ɗau niyya.
A 1591 aka gwabza a Tondibi,
Daular Songai ta faɗi, aka karya rundunar Askiya.
Shehu Ahmad Baba aka kai Marakesh,
Malamin Tumbuktu a hannun maƙiya.
Duk mai ɗaukar hoto a gindin allon nan,
Ya tuna da su, ya yi musu addu'a ɗaya.

Ɗan Fatake:
Malam, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi,
Ni ma da abin da ya tsaya min a wuya.
Madatsar Mansur Zahabi, tun 1972,
Ita ke sakin ruwa, ita ke hana shi tafiya.
Can ƙasa wajen Mahamid kogin ya ƙafe,
Sai rairayi kwance a gadonsa, ba moriya.
Cutar bayud na cin dabino tun daga saiwa,
Gonakin kankana na zuƙe rijiya.
Na ga manomi na jan ruwa a 'yar kwata,
Bi da bi suke yi, kowa da sa'a ɗaya.
Inuwar da na sha, guminsa ne ya dasa ta,
Na sayi dabinonsa, na yi masa godiya.

Autan Mawaƙa:
Gwaggo, Malam, Yaya, na sauke kai,
Yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi, gaskiya.
Zan kwana Agdiz, in yini a Tamgarut,
To yaushe zan tashi? Ga tambaya.

Ɗan Fatake:
Auta, ka nufi watan Oktoba,
Lokacin da nonon dabino ke yin jajaya.
Bazara can wuta ce, kada ka kuskura,
Ka cika tanki, ka ɗau ruwa a baya.
A Mahamid kwalta ke ƙarewa,
Shigaga sai da ɗan jagora masanin hanya.