Likita ya rage wa Baba maganin suga, shi kuma ya ƙi yarda

Mai tambaya, daga Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya haura shekara 70, ya daɗe yana shan metfomin saboda ciwon suga. Makon jiya a Birnin Kebbi aka ɗebi jininsa, likita ya ce ƙodarsa ta rage aiki, lambar gwajin ƙodar ta sauko 38, a raba maganin biyu. Baba ya ce ina! Ai fitsari ma har hana shi barci yake yi. Jiya na kama shi ya koma shan yadda ya saba. Ga dikilofenak da yake aiken yara kemis su sayo masa don ciwon gwiwa. Me zan ce masa?

Wata 'yar uwa:
Allah ya ba Baba lafiya. Ki dinga ɗura masa ruwa, zai wanke komai.

Mai harhaɗa magunguna, daga Gusau:
Hajiya, ruwa na da amfani, amma ba ya mayar wa ƙoda ƙarfin da ta rasa. Ƙanwata, duk maganin da aka sha sai ya fita, kuma manyan ƙofofinsa biyu ne: hanta ta sarrafa shi, ko ƙoda ta tace shi ya bi fitsari. Lambar nan da likita ya faɗa tana nuna ruwan jini nawa ƙoda ke iya tacewa a minti ɗaya. Kin san tsumman tace gasara in ya fara toshewa? Ki ci gaba da zubawa kamar da, sai ya cika ya tumbatsa.

Lafiyayyar ƙoda na tace kusan lita 180 na ruwan jini a yini, lambarta kan kai 90 ko fiye. Metfomin kuwa hanta ba ta taɓa shi, yadda ya shiga haka ƙoda ke fitar da shi. Shi ya sa in lamba ta gaza 45 ake rage shi, in ta gaza 30 a daina. In ba a rage ba, kason jiya bai gama fita ba na yau ya hau kansa, ya taru, har yana iya sa jini ya yi tsami, a kwana a asibiti. Yawan fitsari ba shaidar lafiyar ƙoda ba ne, suga in ya hau shi kansa yana kawo shi.

Dikilofenak ɗin nan ya fi tayar min da hankali, don rage jinin da ke isa ƙoda yake yi. A ajiye shi yau. Ki tambayi likita ko farasitamol zai wadatar, shi hanta ce ke sarrafa shi.

Ma'aikaciyar jinya:
Ranar da ya yi amai ko gudawa, a dakatar da metfomin a nemi likita. Kuma tsofaffinmu ba sa jin maganar 'ya mace a kan magani. Ki sa ƙaninsa ko limamin unguwa ya raka ku asibiti.

Mai tambaya:
Na gode. Na kwashe ƙwayoyin gwiwar daga aljihun babbar rigarsa. Baffa ya ce zai zo ranar Litinin mu koma tare.