Shawarwarin masu tara tsofaffin kwabbai a Kumasi

Masu wasan gwada kwabbai, wato gasar nuna wanda tsohon kwabonsa ya fi daraja, a Zangon Kumasi sun yarda cewa tsufa kaɗai ba ya ba da nasara. A duba shekara, sannan ƙaramin harafin maƙera: H ko KN na nufin Birmingham aka buga shi. Kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na 8 yana ruɗin sababbin shiga, alhali an buga shi da yawa, kada a biya shi da tsada. Sulen 1958 mai kan Nkrumah kuwa, gashin kai da kunne ake dubawa, nan yake fara cinyewa.

Inda aka fi ja kunne shi ne wanki. Toka, lemun tsami ko man goge ƙarfe na Brasso suna kankare fuskar kwabo, darajarsa ta zube, ba ta dawowa. Ruwan ɗumi ya isa, a dangwala da tsumma mai laushi, ban da gogewa. A riƙe shi ta gefe. Wajen ajiya, leda mai taushi tana sa kwabo ya yi kore, balle da damshin damina, gara ambulan na takarda, kowanne shi kaɗai.

Ana kuma gwada kwabo da maganaɗisu: pesuwar 2007, ƙaramin kuɗin Ghana, tana kama shi. Anini na gaske ba ya kamawa.