Ina Fijo ta shiga, kuma laifin wa ne?

Ɗan Jega:

Salamu alaikum jama'ar zaure. Duk wanda ya san tashar Birnin Kebbi ko ta Gusau shekara talatin baya, ya san Fijo ce jere tun daga bakin ƙofa: 504 doguwa mai lodin Sakkwato da Kwantagora da Zariya, 505 ta manyan ma'aikata, a-kori-kura ta 'yan albasa da shinkafa. Yau ka shiga, Golf ce da Sharon da Hiace. Tambayata biyu ce. Me ya kashe motar da ake yi a Kaduna, nan kusa da mu, har motar da wani ya gama yayinta a Turai ta kore ta daga tasha? Na biyu, an ce gwamnatin Kebbi ta taɓa neman hannun jari a kamfanin. Idan haka ne, wannan aikin gwamnati ne kuwa?

Injiniya Na-Mafara:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Jega. Mu fara gyara kalma ɗaya. A Kaduna haɗa Fijo ake yi, ba ƙera ta ba, kuma rabin amsarka na cikin wannan bambancin.

An kafa Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da Peugeot na Faransa. Janar Gowon ya buɗe masana'antar a Kakuri a 1975. A lokacin tana da 'yan'uwa: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, ANAMMCO mai Mercedes a Inugu, da masu manyan motocin Fiat a Kano. Tsarinsu ɗaya, ciwon da ya kama su ma ɗaya.

Motar kan zo a wargaje cikin akwatuna, abin da ake kira CKD. Ƙofa, rufi, bonet da ƙasan mota, duk an riga an buga su a Faransa. A Kakuri sai a ɗaure su kan ma'auni a yi musu walda, a yi wa jikin maganin tsatsa, a fesa fenti a gasa, sannan ta bi layi a sa waya, gilashi da kujeru, a ɗora inji da giya da aksil. Akwai ma lokacin da jiragen dakon kaya na UTA, wani kamfanin jiragen sama na Faransa, ke ɗauko akwatunan daga Liyon su sauke a filin jirgin Kano, sannan a kai su Kaduna. Motar da ake kawo ƙarfenta ta sama kuma a ci riba, ai ka san ƙarfin naira ne ke riƙe da ita. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Babangida ta kawo SAP, tsarin gyaran tattalin arziki da ya karya darajar naira, a 1986, dala ta koma wajen naira 4, zuwa 1993 ta haura 20. Kowane akwati da kuɗin waje ake biyansa, motar kuwa da naira ake sayar wa ma'aikacin da albashinsa ya kasa bin farashi.

Maganin wannan shi ne kayan gida, kuma an ɗan taɓa. Taya daga Michelin na Fatakwal da Dunlop na Ikeja, batir, fenti, soson kujera. To amma tsadar mota na cikin inji, giya da faifan ƙarfen da ake buga jikinta da shi. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, har yau ba ta fitar da wannan faifan ba. Masana'antun ƙarfe na Katsina, Jos da Oshogbo kuwa rodin gini suka riƙa yi. Sannan ma'aunin buga ƙofar 504, ita kaɗai yake bugawa, sai an buga dubun-dubata kafin ya mai da kuɗinsa. Ba mai zuba irin wannan jari a kasuwar da ke tsukewa. Daga baya masu tayar ma suka tafi, Michelin a 2007, Dunlop a 2008.

Sai babban mai saye. Tun zamanin mulkin sojan Obasanjo 504 ta zama motar ofis, daga kwamishina har babban sakatare. Ma'aikatu, 'yan sanda da ƙananan hukumomi su ne kasuwar. A 2003 aka mayar da alawus ɗin mota kuɗi a hannu, kowa ya sayi abin da ransa ke so, ransa kuwa Toyota da Honda yake so. A 2006 gwamnati ta sayar da kasonta ga ASD Motors, a daidai lokacin da 504 ta zo ƙarshe a Kaduna. Bashin banki ya yi wa kamfanin katutu, AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basukan da suka gagari bankuna, ta karɓe shi a 2012.

Oga Bakanike, Tudun Wadan Gusau:

Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fijon da ta biyo bayan 504 ba irin motar da tasha ta saba da ita ba ce, mu masu gyara kuma ba mu sauya hannu ba.

Dubi 504. Tayar baya ke tura ta, ƙasanta da tsayi, ga farfela cikin bututu, ba ruwanta da yashi ko kwazazzaɓo. Injin mai lita 2 sarƙa ke juya shi, kafireto ne da kwantak. Direba na iya gyara kwantak a bakin hanyar Anka, ya ba shi tazarar milimita 0.4, ya hure jet da baki ya ci gaba da tafiya. Bawul ana saita shi injin na sanyi, 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Silindar kuma silif ne mai zaruwa, in ya cinye a zare a sa sabo da fistin da ringi, inji ya dawo sabo ba a kai bulok wurin gura ba. Wannan ne ya sa mota ɗaya ke yin shekara ashirin a layi.

406 da 307 fa? Tayar gaba ke ja, nozul ne a madadin kafireto, ga ƙwaƙwalwa, wato na'urar lantarki mai sarrafa injin. Injin bel ke juya shi, kuma ranar da bel ya tsinke fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Bel ɗin da abin ɗaure shi da famfon ruwa tare ake canza su, a yanayinmu kada a wuce kilomita 60,000. Nawa ne ke yin haka? Abin da aka saba shi ne, mota na fara zafi sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli. To ƙwaƙwalwar na ganin injin bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda ya sauka cikin baƙin mai, ringi ya cinye. A zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, gishirinsa ya toshe hanyoyi, gasket ya ƙone. 307 kuma tana da akwatin lantarki mai kula da fitilu, makulli da waifa, ruwa ya taɓa shi ko mai rewaya ya yanke waya ya yi gada, sai ka ga mota na abin da ba a sa ta ba. Daga nan sai a ce Fijo ta lalace.

Golf ma tana da bel, ban ce ba. Bambancin shi ne injinta da giyarta na Beljiyam sun cika kasuwa, in ya buga a sauke a ɗora wani kafin la'asar. Direban haya ba sunan kamfani yake dubawa ba, kwana nawa motar za ta yi a gareji yake lissafawa.

Hajiya 'Yar Argungu:

Malam Ɗan Jega, maganar Kebbi gaskiya ce. A 2016, zamanin Gwamna Atiku Bagudu, jihohin Kebbi da Kaduna da kamfanin Dangote da Bankin Masana'antu sun haɗa kai suka nemi sayen kason da ke hannun AMCON. Cinikin bai faɗa ba. A 2020 Nesbitt Investment ya karɓi PAN, shi kuma Dangote ya kafa wata sabuwar masana'anta da Peugeot a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ta fara fitar da 301 a 2022. Sunan Peugeot bai mutu ba ke nan. Abin da ya mutu shi ne matsayinta na motar kowa.

A ganina Allah ne ya taimaki Kebbi da cinikin bai yiwu ba, domin abin da ke kashe masana'antar mota yana Abuja, jiha ba ta da iko da shi. Ga misali. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin bunƙasa masana'antar motoci: haɗaɗɗiyar mota ta biya kuɗin fito kashi 35 cikin 100, da ƙarin haraji na wani kashi 35, kayan CKD kuma su shigo kyauta. Motar da aka ƙiyasta naira miliyan 10, harajinta miliyan 7 ke nan. Kamfanoni suka yi ta karɓar lasisi, amma akasarinsu SKD suke yi, wato jikin motar ya zo da waldarsa da fentinsa, a ɗaura taya da bamba da kujeru a ce an haɗa. Ƙarin harajin kan tsofaffin motoci aka yi ta ɗage shi. Majalisa ta mayar da tsarin ƙudurin doka, Buhari ya ƙi sa hannu a 2019. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta sauke ƙarin harajin zuwa kashi 5, waccan miliyan 7 ta koma miliyan 4. Ɗakin fenti da layin walda kuwa shekaru suke ɗauka kafin su biya kansu. Wa zai gina su kan wannan tufka da warwara?

Ba mu kaɗai ba ne. Holden ta Ostireliya, wadda ke ƙarƙashin General Motors na Amurka, ta daɗe tana rayuwa da tallafin gwamnati. A ƙarshen 2013, da gwamnati ta nuna ba ƙari, kamfanin ya sanar zai daina ƙera mota a ƙasar. Ford ya rufe a 2016, Toyota da Holden a 2017. Masu yi musu kayan haɗi ɗaya ne, in ɗaya ya fita sauran ba za su iya riƙe su ba. A 2020 aka sanar da ajiye sunan Holden gaba ɗaya. Ita kuwa Maroko wata hanya ta bi. Ta gina tashar jiragen ruwa kusa da Tanja, ta shimfiɗa layin dogo, ta ba da fili, ta horar da ma'aikata. Renault ya buɗe a Tanja a 2012, Peugeot ɗin nan namu ya buɗe a Kenitra a 2019, kuma Turai suke kai yawancin motocin. Gwamnatin ba ta zama dillaliyar mota ba, ƙasa ta gyara wa masu yi.

In Kebbi na da kuɗin zubawa a ƙarfe, ga injin ban-ruwa, injin casar shinkafa da tirelar tarakta, masu sayensu na nan a fadamar Argungu da Suru. Wanda ya ga yadda masaƙar Gusau ta ƙare ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Dillalin Kamba:

Hajiya, ranki ya daɗe, ko da an bar harajin a kashi 70 ba zai yi aiki ba. Kebbi na iyaka da Nijar da Binin. An hana shigo da mota ta kan tudu daga Janairun 2017, an rufe iyakoki a Agustan 2019, Kamba sai Afrilun 2022 aka buɗe ta. 'Yar Kwatano ta ƙare a kasuwa? Duk sanda haraji ya hau, ladar ɗan fasa-ƙwauri ce ta hau.

Abin da ba a faɗa ba shi ne bashi. Da can ma'aikaci rancen mota ake ba shi, a riƙa cira daga albashi, shi ya sa malamin sakandare ke hawa sabuwar Fijo. Yanzu ruwan banki ya haura kashi 20, jama'armu kuma da yawa ba sa taɓa bashi mai ruwa. Sai an samu murabaha, wato banki ya sayi motar ya sayar maka da ribar da aka yanke ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, mai wa'adin shekara huɗu ko biyar, ta hannun ƙungiyar direbobi, sannan sabuwar mota za ta shiga tasha. In ba haka ba, kowa da kuɗin hannunsa zai saya, kuɗin hannu kuwa Golf yake kaiwa.

Ɗan Jega:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Oga, tunda haka ne, a-kori-kura 504 har yanzu tana sayuwa don dakon albasa daga Aliero zuwa Jega, ko a haƙura?

Oga Bakanike, Tudun Wadan Gusau:

Tana sayuwa, Malam, in tafiyar gajera ce kuma an duba da kyau. Kada a kula da fenti. A shiga ƙarƙashi da guduma a bubbuga shasi, musamman inda sifirin ɗin baya ke ratayawa da ƙasan ƙafar direba. Wurin da ya yi ƙarar kwali tsatsa ce, in kuma an taɓa walda a tsakiyar shasi a bar ta. A je da sassafe kafin mai ita ya tayar da ita. A zaro ma'aunin baƙin mai: in ya yi fari-fari kamar koko, ruwa na shiga, ko gasket ko robar gindin silif. A buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi, a tayar, in kumfa na tasowa gasket ya tafi. A ɗora buhu kamar biyar a yi tafiya, a saurari aksil ɗin baya, kukan da ke ƙaruwa da gudu haƙoran ciki ne.

In har za a sauke kan inji, a gaya wa yaran gareji kada wanda ya juya injin sai an danne silif ɗin da ƙarfe da noti. In ya ɗaga ko kaɗan, robar gindinsa ta tashi aiki, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, sai an sake wargaza injin gaba ɗaya. A sayi kwantak da kwandensa biyu-biyu a ajiye a mota, don na kasuwa yanzu ba sa daɗewa.