Sarki biyu a gari guda: tsarin ne ya kada Jamhuriya ta 3 ta Nijar ko mutanen?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Yau a aji an yi mana darasi kan ire-iren tsarin mulki, kuma ni dai na hito da magana guda wadda nike tsaye a kanta: ba soja ne suka kashe Jamhuriya ta 3 ba, kundin tsarin mulkin 26 ga Disamba 1992 ne ya kashe ta tun ranar da aka rubuta shi. Ka ɗauko tsarin Faransa, shugaban ƙasa zaɓaɓɓe ga shi, firaminista mai rinjayen majalisa ga shi, ka ce su raba iko, to mi kake jira in ba rikici ba? Ba a sarki biyu a gari guda. Da tsarin shugaba mai cikakken iko aka ba shugaban ƙasa na lokacin, Mahamane Ousmane, da ya gama shekarunshi 5 lafiya lau.

Mai shayin fada: Wa alaikumus salam. Wallahi maganarka dutse, ni ma haka nike ji wajen manya.

Baba mai ritaya: Yaro, sannu da karatu, amma ka yi sauri. Ni lokacin ina koyarwa, na ga abin da idona. Ka tuna yadda aka zo wurin tukuna. Mun hito daga hannun Diori da jam'iyya guda, sannan Kountché daga 1974, mutum guda ke riƙe da komi. Da aka zauna taron ƙasa na 1991, daga ƙarshen Yuli har farkon Nuwamba, André Salifou ɗan garin nan namu Zinder ke shugabanta, babu wanda ke son jin maganar a sake tara iko hannun mutum guda. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Shi ya sa aka raba ikon, ba don ana kwaikwayon Faransa ido rufe ba kawai.

Ɗan Birni: Na yarda Baba, niyya mai kyau ce, amma dubi abin da ya biyo. Ousmane ya ci zagaye na biyu a Maris 1993 da kashi 54 cikin 100 saboda ƙawancen jam'iyyu na AFC, alhali Tandja ne ya zo na ɗaya a zagayen farko. Satumba 1994 Issoufou ya aje firaminista, jam'iyyarshi PNDS ta hita daga ƙawancen, rinjaye ya tahi. Ousmane ya rusa majalisa, aka yi zaɓe Janairu 1995, adawa ta samu kujera 43 cikin 83. Ya naɗa Amadou Cissé, majalisa ta kada shi da ƙuri'ar yanke ƙauna cikin 'yan kwanaki, dole ya naɗa Hama Amadou. Daga nan fa sai zaman 'yan marina, shugaba ya ƙi zama taron ministoci, firaminista na canza shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarshi ba, kuma kundin ya hana a sake rusa majalisa kafin shekara ta cika, to kowa ya zauna yana ƙirga kwana har Kanar Baré ya yi juyin mulki 27 ga Janairu 1996. Duk wannan tarkon a cikin takarda yake Baba, ba soja suka rubuta shi ba.

Ɗalibar shari'a: Yaya Ɗan Birni, tarihin da ka jero daidai ne amma hukuncin da ka yanke bai bi shi ba. Tambaya guda zan maka. Baré ya ji irin maganarka, ya kawo kundin Mayu 1996 mai shugaba da cikakken iko, sarki guda a gari guda kamar yadda kake so. Mi ya faru? Zaɓen Yuli 1996 ana cikin ƙirga ƙuri'a aka rusa hukumar zaɓe, kuma 9 ga Afrilu 1999 aka kashe shi a filin jirgin Yamai. Shekara 3 ke nan da 'yan watanni. Sannan Tandja da tazarce, ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta 2009 ita ma tsarin shugaba mai cikakken iko ta kawo, wata 6 da 'yan kwanaki soja ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi 18 ga Fabrairu 2010. Sau biyu muka gwada maganinka, sau biyu maras lafiyar bai tashi ba.

Mai shayin fada: Kai. Wannan kuma ban taɓa haɗa su haka ba.

Ɗan Birni: A'a ƙanwata, wannan misalan ba su yi ba. Baré da bindiga ya shigo, Tandja kuma kotun tsarin mulki ta ce mishi a'a ya rusa ta, ya rusa majalisa. Waɗannan ba gwajin tsari ba ne, take doka ne. Ki duba Benin, su ma taron ƙasa suka yi a 1990 kafin mu, suka zaɓi tsarin shugaba mai cikakken iko, Kérékou ya faɗi zaɓe 1991 ya ba Soglo, 1996 ya dawo ta akwati, a shekarar da mu muke jin ƙarar bindiga.

Ɗalibar shari'a: To in Benin hujja ce, Najeriya ma hujja ce, ga ta nan kusa da mu. Sun yi tsarin firaminista soja suka kifar a 1966, suka ce tsarin ne, suka ɗauko na Amurka a 1979, Shagari na da cikakken iko, 31 ga Disamba 1983 aka kifar da shi. Kuma tsarin nan da kake zagi shi muka koma a 1999, Tandja da Hama suka yi aiki tare shekara 7, Ousmane na shugaban majalisa, 2007 majalisa ta kada gwamnatin Hama da ƙuri'ar yanke ƙauna aka naɗa wani ba wanda ya harba ko harsashi guda. Brigi Rafini shekara 10 ya yi firaminista lokacin da Issoufou ke shugaban ƙasa.

Ɗan Birni: Ai kin kawo min hujjata da kanki! Ya yi aiki ne lokacin da shugaba da rinjayen majalisa ke gida guda, wato lokacin da a zahiri sarki guda ne. Rana guda tak da aka gwada shi da gaske, 1995, ya watse. Gadar da ba ta ɗaukar mota sai in babu kaya ba gada ba ce.

Inna malama: Ku tsaya 'ya'yana in sa baki, don duk kun bar abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya lokacin. Ni ina sabuwar malama a wani ƙauye gabas da nan, albashi sai mu yi wata da watanni ba mu gan shi ba. Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da kake saye jika guda ka wayi gari kuɗinka bai kai ba, magani, sukari, littafi duk sun tashi. Ina tuna mai kanti ya buɗe min littafin bashi, shafi guda cur sunana ne a sama, shinkafa da sabulu da kananzir, har na riƙa zagayawa ta bayan masallaci don kar mu haɗa ido. Yajin aiki kuma ba ya ƙarewa, yara su zo lakwal su tarar da ƙofa a rufe, ga tawaye a arewa. To ranar da aka ce soja sun karɓa, wallahi da yawa cikinmu ba kundi muka tambaya ba, cewa muka yi za a biya mu? Ina jin ciwon wannan har yau, don mu muka yi layi a rana muka zaɓa, kuma ba mu hito muka kare abin da muka zaɓa ba, yunwa ta riga ta cinye ƙarfin.

Baba mai ritaya: Malama kin faɗi gaskiya, Allah ya saka. Kuma in ƙara, Faransa da aka ɗauko tsarin wurinta sau 3 ta yi wannan zaman na dole, Mitterrand da Chirac 1986, Mitterrand da Balladur 1993, Chirac da Jospin daga 1997 har shekara 5. Ba su son juna amma albashi na hita, kuma babu kanar ɗin da ke ganin aikinshi ne ya shigo ya raba su. Mu kuwa sojanmu sun riga sun ɗanɗana tun 1974.

Ɗan Birni: Inna, Allah ya huci zuciyarki, wannan ban da ta cewa a kai. Amma Baba ko Faransar ai ta gane akwai matsala, shi ya sa a 2000 suka rage wa'adin shugaba daga shekara 7 zuwa 5 kuma a 2001 suka sa zaɓen majalisa ya biyo bayan na shugaba, don kar a sake. In masu abin sun yi mishi gyara, mu da talauci da soja ke kanmu ai mun fi buƙata. Ƙasa mai rauni ba a ba ta tsarin da ke buƙatar haƙurin mala'iku.

Ɗalibar shari'a: Wannan na yarda da rabinshi yaya. Kundin 1992 ya bar rami a kan wa ke tsara abin da za a tattauna a taron ministoci da wa ke da ta cewa ta ƙarshe wajen naɗe-naɗe, kuma a nan suka yi ta kokawa. Amma toshe rami daban, rushe ɗaki daban. Ni inda ban yarda ba shi ne ka ce tun ranar rubutu aka kashe ta.

Ɗan Birni: Ni kuma ina nan a kai. Baba, kana da kofin kundin 1992 a gida? Ina son mu karanta ayoyin da kansu mu aje su kusa da na 1999, mu ga mi aka canza.

Baba mai ritaya: Akwai shi cikin akwatin takarduna in gara ba ta riga ku ba. Ku zo Juma'a bayan la'asar, ke ma 'yata ki zo da na 1999 ɗin, ke za ki fassara mana ayoyin.

Mai shayin fada: Gawayi da shayi na wajena, ku dai ku zo da wuri kafin a ɗauke wuta.