An yabi Shazam! sosai, amma ya dace da ƙananan yara?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kunna wa yara fim ɗin Shazam! na 2019 ranar Asabar, ɗaya shekararsa 6, ɗaya 11. An ce na barkwanci ne, kuma ya samu kusan kashi 90 a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayoyin masu sharhin finafinai. Wannan ya isa in saki jiki?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. Kashi 90 ɗin nan ba maki ba ne irin na jarrabawa. Ma'anarsa, cikin masu sharhi goma, tara sun ce fim ɗin ya yi, ko da da kyar ya tsallake a wurinsu. Kuma manya ne, abin da ya burge su shi ne yadda Zachary Levi ya fito a matsayin Billy, yaro ɗan shekara 14 a jikin ƙato. Ba ruwansu da barcin ɗan shekara 6. Ki duba tambarin shekaru: PG-13 aka ba shi a Amurka, wato iyaye su yi hattara da 'yan ƙasa da 13.

Anti Bilki: Daraktan, David F. Sandberg, daga finafinan ban tsoro ya fito, shi ya yi Annabelle: Creation, kuma hannun bai sake shi ba. Wurin da za ki kula shi ne inda Sivana, mugun fim ɗin, ya shiga ɗakin taron kamfanin mahaifinsa. Ya wurgo yayansa ta taga, sannan dodanni suka far wa mutanen, har ɗaya ya gatse kan wani mutum. Da kin ga ya tura ƙofar ɗakin, ki tsallake sai an fita. Akwai kuma inda yaran suka sayi giya, da inda Billy ya shiga gidan rawar banza, duk da ba a nuna cikin ba.

Malam Sani: Ni abin da ya fi min nauyi ma ba dodannin ba ne. Billy ya gano mahaifiyarsa, ta faɗa masa da gangan ta bar shi yana ƙarami. Babban zai yi tambaya a nan, ki shirya amsa.

Baban Ummi: Kuma minti 132 ne, ƙaramin ba zai zauna ba. Ki sa musu The Incredibles na 2004, PG ne, matakin da ke ƙasa da PG-13. Shazam! ki bari sai ƙaramin ya yi barci, ku kalla da babban.